Daga Gaɓar Lome Zuwa Naki-Est: Wa Zai Duba Ƙofar Sabar?

A watan Maris na shekarar 2022 aka jawo igiyar intanet ta ƙarƙashin teku mai suna Equiano, wadda kamfanin Google ya shimfiɗa, zuwa gaɓar birnin Lome. Togo ce ƙasa ta farko a Afirka da igiyar ta sauka, shekara goma bayan igiyar WACS ta fara aiki a wannan gaɓa. Abin murna ne, kuma an yi murnar. Sai dai Togo ƙasa ce doguwa siririya. Wanda ya bar Lome ya kama babbar hanyar arewa zai ci kimanin kilomita 340 kafin ya isa Sokode, ya wuce Kara da Mango, ya haura kilomita 600 kafin ya hango Dapaong, babban birnin yankin Savanes. Daga nan ne zai ratse gabas zuwa Naki-Est. Duk faɗin igiyar da ke kwance a teku, amfaninta ga ma'aikacin ofis ko na asibiti a can ƙarshen hanya yana rataye ne a kan wani ɗan rami mai faɗin yatsa da ke bayan na'ura, da kuma mutumin da ya san yadda ake yi wa ramin nan tambaya.

Wannan mutum shi ne aka fi yin sakaci da shi. Ana sayen na'urori, ana tura gwani daga babban birni ya kafa su, ya karɓi sa hannu ya koma. Ranar da abu ya tsaya, na kusa da na'urar ba su da abin faɗa sai kalma biyu: babu netwok. Ya kamata a ce duk inda aka ajiye sabar, an bar mutum ɗaya aƙalla da ya iya duba ƙofarta bi da bi, ya faɗi inda ciwon yake. Ba sai injiniya ba. Aikin bai kai wahalar koyon gyaran babur ba, ga shi kuwa babu garin da ya rasa mai gyaran babur.

Sabar dai kwamfuta ce da aka keɓe don ta yi wa wasu kwamfutoci hidima: ta ajiye rajista, ta riƙe takardu, ta raba adireshi, ta zama mahaɗa. Mafi yawan irinta a duniya suna aiki ne da tsari mai salon Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara a ɗakunan binciken Bell da ke Amurka a 1969. FreeBSD jika ne ga reshen da aka raina a Jami'ar Berkeley, shi kuwa Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a 1991, ya ɗauki salon gidan ne ba tare da ya fito daga tsatsonsa ba. Abin da ake kira ƙofar sadarwa a wannan rubutu shi ne wurin da sabar take shigar da saƙo da fitar da shi: ramin da ake cusa kebul, da katin da ke bayansa, da sunan da tsarin ya san su da shi. Kayan duba ƙofar nan tsofaffi ne. Umarnin ifconfig ya zo da fitowar 4.2BSD a 1983, kuma a ƙarshen wannan shekara Mike Muuss ya rubuta ping. Shekara arba'in ke nan da 'yan kai ana aiki da su, domin da tsohuwar zuma ake magani.

“Babu netwok” kamar a ce “ba ni da lafiya” ne. Gaskiya ce, amma ba a ba da magani a kanta. Ƙarƙashin kalmomin nan biyu akwai cututtuka da dama da ba su haɗa komai ba, kuma hikimar aikin duka ita ce a bi su daga na kusa zuwa na nesa, kada a tsallake.

Na kusa shi ne waya. A nan ne ya kamata mai koyo ya fi daɗewa, ko da yake nan ne aka fi rainawa. Umarnin ip link a Linux yana nuna kowace ƙofa da halin da take ciki. In ya rubuta NO-CARRIER, ma'anarsa ƙofar a buɗe take amma ba ta jin motsin kowa a ɗaya gefen kebul ɗin. FreeBSD ma yana faɗin haka da nasa lafazin in aka tambaye shi da ifconfig. Wanda ya ga wannan ba shi da sauran aiki da allon rubutu. Ya tashi ya zagaya bayan na'ura, ya duba ko 'yar fitilar ramin tana ci, ya bi kebul da hannu har inda ya ƙare. A arewacin Togo, kamar a Katsina ko Maradi, maƙiyan kebul sanannu ne: ƙurar hunturu da ke cika ramuka, zafin Maris da Afrilu da ke gasa robar da aka ratsa ta kan kwano, ɓera da ke gwaguya a cikin rufi, sai kuma tsawar damina da kan ƙone ƙofa ɗaya ta bar sauran na'urar lafiya lau. Akwai kuma laifin mai shimfiɗawa. Kebul na tagulla irin wanda ake amfani da shi a ofisoshi iyakarsa mita 100 ne. Wanda ya ja shi ya zarce haka don ya kai wani gini, ya sayi matsalar da za ta riƙa zuwa tana tafiya kamar zazzaɓin dare.

Wani ciwon waya ma ba ya kashe sadarwa, rage mata ƙarfi yake yi. A cikin kebul akwai siraran wayoyi takwas, an murɗe su biyu-biyu. Gudun megabit 1000 yana bukatar dukkan tagwayen huɗu, gudun 100 kuwa biyu sun ishe shi. Saboda haka in silin waya ɗaya ya karye, sau da yawa na'urorin kan daidaita a tsakaninsu su sauka zuwa 100 ba tare da sun gaya wa kowa ba. Sai a wayi gari ana zagin kamfanin sadarwa a kan jinkiri, alhali umarnin ethtool zai nuna gudun da ƙofar take kai a layi ɗaya, umarnin ip -s link kuma ya ƙirga ƙunsoshin saƙon da suka lalace a hanya. Adadin da ke ta hauhawa a wurin nan shaida ce a kan kebul, ba a kan Lome ba.

In waya ta amsa, sai a tambayi adireshi. Umarnin ip addr zai nuna lambar da ƙofar take ɗauke da ita. A cikin ofis galibi lambar tana farawa da 192.168 ko da 10, domin waɗannan suna cikin jerin da aka keɓe wa cikin gida tun 1994, ba a ganinsu a fili a intanet. Bayan lambar akan ga alama kamar /24, wadda ke faɗin girman unguwar: wuri 254 na na'urorin da za su iya magana da juna kai tsaye. In ƙofa ba ta da adireshi sam, ko kuma an ga wanda ya fara da 169.254, to ta nemi mai raba adireshi ne, wato hidimar DHCP, ba ta same shi ba. Mafi ban haushi shi ne rikicin gida ɗaya mai masu shi biyu. Wani ya ba sabar adireshi na dindindin daga cikin jerin da rauta take rabawa, wata rana rautar ta miƙa wa wayar wani baƙo wannan lambar. Daga nan sabar ta riƙa ɓacewa tana dawowa, kowa yana rantsuwa bai taɓa komai ba, kuma duk gaskiya suke faɗa. Maganin a wurin tsarawa yake: adireshin sabar ya zama a wajen jerin da ake rabawa, a kuma rubuta shi.

Tambaya ta uku ita ce hanyar fita. Gidan Bahaushe yana da zaure, kuma duk mai fita waje ta nan zai bi. Haka sabar take da adireshi ɗaya da take miƙa wa duk saƙon da ba na unguwarta ba, galibi adireshin rauta. Umarnin ip route yana nuna shi a layin da ya fara da default, a FreeBSD kuwa netstat -rn ake tambaya. Sabar da ba a nuna wa zaure ba za ta yi hira da maƙwabtanta na cikin ofis lafiya, amma ba za ta taɓa sanin akwai Dapaong ba. A nan ping yake aikinsa, kuma shi ma da tsari ake jefa shi: zaure tukuna, sannan wata lamba ta waje da aka san tana amsawa, kamar 8.8.8.8, sannan suna. In zaure ya amsa amma waje shiru, an fita daga hurumin ofis. Abin lura ɗaya: wasu na'urori an hana su amsa ping da gangan, don haka shirun wuri ɗaya ba hujja ba ce sai an gwada wani.

Umarnin traceroute, wanda Van Jacobson ya rubuta a ƙarshen shekarun 1980, ya cancanci ɗan tsayawa, domin ba baƙon tunani ba ne a wannan ƙasa. Fataken Hausawa da ke zuwa Gwanja sayen goro sun ratsa ta Mango da ƙasar Kotokoli inda Sokode take, kuma unguwannin Zango da ke garuruwan nan ragowar wannan tafiya ce. Madugu yana lissafa hanya ne zango-zango, in ayari ya ɓace sai a tambayi zangon ƙarshe da aka gan shi. Abin da traceroute yake yi ke nan: yana jera kowace rauta da saƙo ya sauka a kanta, da tsawon lokacin da ya ɗauka, har zuwa inda aka daina jin ɗuriyarsa.

Ta huɗu gajera ce. In lambar waje tana amsawa amma suna ba ya buɗewa, hanya lafiya take, mai fassara suna zuwa lamba ne, wato DNS, ya gaza. A duba fayil ɗin /etc/resolv.conf a ga wa aka wakilta. Akwai kuma wani ciwo da ba ya cikin huɗun nan amma yakan rikita har gwanaye: ping yana tafiya, ƙananan shafuka suna buɗewa, babban fayil kuwa ya maƙale. Girman ƙunshi ne. Ƙofa ta saba tura ƙunshi mai bayit 1500, amma wasu hanyoyin suna ƙara nasu marufi, sai wurin ya ragu zuwa 1492 ko ƙasa da haka, kayan su kasa wucewa ta ƙofar da ta fi su ƙanƙanta.

Wannan duka duba ne. Tsarawa kuma tana da nata tarkon, kuma mafi yawan wahalar da ake sha a nesa daga hannun mai tsarawa take fitowa. Adireshin da aka sa da umarnin ip addr add yana zaune ne a ƙwaƙwalwar wucin gadi. Da zarar an ɗauke wuta an dawo da ita, ya tafi. A wurin da wutar lantarki take zuwa tana tafiya, ana sauyawa tsakanin layi da janareto da sola, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Gwani zai zo ya yi gyara cikin minti biyar, kowa ya sa masa albarka, kafin motarsa ta kai Mango an ɗauke wuta, gyaran ya bi ruwa. Gyara na gaskiya shi ne wanda aka rubuta a fayil ɗin da tsarin ke karantawa in ya tashi: /etc/network/interfaces a Debian, /etc/rc.conf a FreeBSD, fayilolin netplan a Ubuntu tun daga 2017. Bai kamata a biya mai kafa sabar ba sai ya kashe ta ya sake kunna ta a gaban masu wurin, an ga ta dawo da kanta.

Sunan ƙofar ma yakan yi tawaye. Shekara da shekaru ƙofar farko a Linux sunanta eth0. Daga 2013 aka koma wa sunayen da ke bin wurin da katin yake zaune a jikin na'ura, irin su enp0s3 da eno1, don kada ƙofofi biyu su riƙa musayar suna a tsakaninsu. Niyyar mai kyau ce, amma tana da sakamako. Tsawa ta ƙone kati, an sayo sabo an cusa a wani gurbi, sai sunan ya canza, fayil ɗin tsari kuma yana nan yana kiran sunan mamaci. FreeBSD yana raɗa suna ne bisa irin katin, em0 ko re0 ko igb0, don haka shi ma canjin kati canjin suna ne. Wanda aka taɓa nuna wa wannan sau ɗaya zai gyara shi da sauya kalma ɗaya. Wanda ba a nuna wa ba zai yanke hukunci cewa sabon katin jabu ne.

Akwai masu cewa duk wannan zance ya tsufa, tunda ana iya gyara sabar daga nesa ta hanyar SSH, gwani yana zaune a Lome yana aiki a Naki-Est. Haka ne, matuƙar ƙofar tana aiki. Ƙofar sadarwa ita ce abu ɗaya da ba a iya gyarawa ta cikinta in ta rufe. Ƙari a kan haka, gyara daga nesa shi ne babbar hanyar rufe ta: kuskuren lamba ɗaya a adireshin zaure, sai mai gyara ya tsinke igiyar da yake rataye a kanta, garin neman ƙiba ya samo rama. Masu hankali suna da rigakafi. Umarnin netplan try yana gwada sabon tsari, in ba a tabbatar ba cikin daƙiƙa 120 ya koma wa tsohon da kansa. Wasu kan umarci na'ura ta sake tashi bayan minti goma, su yi gwajin ba tare da sun rubuta shi a fayil ba, in sun ga lafiya su soke umarnin. Amma ranar da rigakafi ya gaza, dole wani ya tsaya a gaban na'urar da ƙafafunsa. Tun watan Yuni na 2022 yankin Savanes yake ƙarƙashin dokar ta-ɓaci saboda hare-haren da ke ƙetarowa daga iyakar Burkina Faso. Tura mutum ya yi tafiyar yini guda zuwa can don ya tura kan kebul ya shiga da kyau ba asarar kuɗin mota kawai ba ce.

Wasu kuma sukan ce zamanin sabar a ofis ya wuce, komai ya koma wayar hannu da manyan rumbunan kamfanoni na ƙetare. Suna da misali mai ƙarfi a Togo kanta: shirin tallafi na Novissi da aka fara a Afrilu 2020 ya kai kuɗi hannun talakawa ta ƙananan wayoyi, ba tare da an kafa kwamfuta a kowane ƙauye ba. Wannan gaskiya ne a kan biyan kuɗi. Amma aikin da ake yi yini guda a kan rajista, in rumbunsa yana ƙetare, yana tsayawa ne duk lokacin da hanya ta yanke, kuma mai nisa daga gaɓa shi ya fi yawan zanguna tsakaninsa da rumbun. Ban da haka, yawancin rautocin da ke rataye a bangon ofisoshi Linux ne a cikinsu, wayar Android ma a kansa aka gina ta. Tambayoyin huɗu ba su canza ba don na'urar ta ƙanƙance.

Hujja mafi nauyi ita ce ta tsoro: a bar ɗan koyo ya riƙa buga umarni a sabar, wata rana zai ɓata abin da ba zai gyaru ba. Tsoron yana kan hanya, sai dai Unix ya riga ya raba gani da taɓawa. Umarnin ip link da ip addr da ip route, in aka buga su haka tsurarsu, nunawa kawai suke yi, kuma ba sa bukatar ikon babban mai kula. A ba na kusa asusun da ke gani, a riƙe na taɓawa a hannun gwani. Haɗarin gaske yana wurin wanda bai iya gani ba, domin shi ne zai soka tsinke a ramin da ke mayar da rauta yadda ta fito daga kamfani, ya goge tsarin shekara uku don neman sa'a.

Ranar 14 ga Maris 2024 igiyoyin teku huɗu, WACS da ACE da MainOne da SAT-3, suka lalace a daura da gaɓar Cote d'Ivoire, intanet ya raunana a ƙasashe da dama na yammacin Afirka. A watan Satumba na 2017 kuma hukumomin Togo suka katse intanet a lokacin zanga-zangar da ta taso tun daga Sokode, matakin da kotun ECOWAS ta yanke a Yuni 2020 cewa ya saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki. A ranaku irin waɗannan babu abin da ma'aikaci a Naki-Est zai iya gyarawa. Abin da zai iya shi ne ya gane cewa ɗakinsa ba ya yoyo, ya naɗe hannu ya bar tsarinsa yadda yake. Sanin lokacin da ba a taɓa komai yana cikin aikin.

Togo ba baƙuwa ba ce a wannan ilimi. A Lome aka yi taron AfNOG na 2002, ƙungiyar masu kula da hanyoyin sadarwa ta Afirka, wadda ta daɗe tana horar da matasan nahiyar a kan FreeBSD, kowa da na'urarsa a gabansa. Adiel Akplogan, ɗan Togo, shi ne shugaban farko na AFRINIC, hukumar da ke raba adireshin intanet a Afirka, wadda ta samu cikakkiyar amincewa a 2005. Gwanaye akwai su. Abin da ya rage shi ne ilimin ya hau motar arewa ya sauka a can, a harshen da mai koyo yake tunani da shi. Umarnin da Ingilishi aka rubuta su, makarantar Togo da Faransanci take koyarwa, mai gadin na'urar kuwa ƙila Moba yake ji a gida, ko Gurmanci, ko Tem, ko Hausar zango. Umarni ba a fassara shi, ip link sunansa ke nan a ko'ina, kamar yadda makaniki ba ya fassara sunan fulogi. Dalilin da ke bayan umarnin shi ne ake fassarawa, kuma ƙofa da unguwa da zaure da zango sun isa ɗaukar sa.

Sai a haɗa masa da littafi na takarda, a ɗaure shi kusa da na'ura, tunda bayanin da aka ajiye a cikin sabar ba ya karantuwa ranar da ake bukatarsa. A ciki a rubuta sunan ƙofa da adireshinta da na zaure, da abin da kowane umarni yake nunawa a ranar lafiya, domin da shi za a kwatanta na ranar ciwo. A rataye kebul ɗaya sabo, wanda aka gwada, a ƙusa. Wanda aka bar wa wannan, in ya kira Dapaong, zai ce fitila tana ci, adireshi yana nan daidai da na littafi, zaure yana amsawa, daga zango na uku ne shiru. Gwanin da ke ɗaya gefen zai ajiye makullin babur ɗinsa ya kira kamfanin sadarwa.